Keken dakon kaya: ku fara duba ƙafar baya

Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep daga Babbar Kasuwar Katsina zuwa shagona a Ƙofar Marusa ya fara cin ribar katan ɗin taliya, sai nace bari kawai in nemi keke in riƙa ɗauko kayana da kaina. Na farko da na saya ɗan gwanjo ne mai giya, fenti sai ƙyalli, wallahi kyau ne ya ruɗe ni. Sati biyu ban cika ba na ɗora mai buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar mai, ina shiga wani rami sai naji ƙas ƙas, sifok uku sun tsinke rim ya karkace, haka na turo shi har gida yara na ta mani sannu.

Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ya kalle shi yace "ɗana wannan ai na zuwa makaranta ne", ya nuna mani tsohuwar Phoenix ɗinshi baƙa mai taya inci 28. Shi ya koya mani ƙafar baya ake fara dubawa tunda nan nauyi ke sauka, ka ƙirga sifok kada su gaza 36 kuma masu kauri, ka juya tayar ka gani ko tana rawa. Sai kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, wadda ake ɗaurowa da ita daga kamfani bata da wani ƙwari, gara ka kai ma mai walda yayi maka ta rodi mai faɗi ya haɗa ta da bodin sosai. Jak kuma mai ƙafa biyu, in ba haka ba kana ɗaure kaya keken na kifewa.

Birki ni na sanda na fi so akan na waya, ko ya lalace kowane bakanike ya iya shi. Giya kam ban yi kewarta ba, Katsina ina tudun yake? Abinda ke wahalar damu yashi ne cikin lunguna da ƙayar tsidau, shi yasa taya mai faɗi da tif mai kyau, in ba so kake ku saba da mai faci ba.

Akwai keke mai ƙafa uku ma, yafi ɗaukar kaya amma lungunmu bazai shige ba. Yanzu katan shida nake ɗaurawa da roba in taho a hankali, in buhu ne guda ɗaya tak, Baba yace in na ƙara na biyu kar in kawo mashi gyara.