Ɗakin hutun Yaya Hadiza a Orlando

Yaya Hadiza tana aikin jinya a Amurka, kuma tana da kaso a wani masauki kusa da wuraren wasan yara na Orlando, a jihar Florida. Tsarin shi ne ka biya kuɗi mai tsoka sau ɗaya, a ba ka kwanaki kowace shekara, sannan duk shekara ka biya kuɗin kula da gini, ko ka je ko ba ka je ba. Kuɗin nan hawa yake yi.

Da ta zo Kaduna hutu, zancen abinci ne ya fi ci mata rai. Lokacin sayarwa an yi mata romon baka da rangwamen cin abinci, daga baya aka rage shi, wai ai kyauta ce, ba ta cikin yarjejeniya. Ga 'ya'ya huɗu, ga kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari da ake ƙara wa mai kawo abinci a tebur, ga naman halal sai an sha wuya kafin a samu. Sau da yawa kifi da dankali kawai suke ci, a farashin da ya isa cefanen mako.

Na ce, "Yaya, ai wannan zalunci ne." Wanda ya ɗaure kansa shekara da shekaru ya fi baƙon kwana biyu cancantar sassauci.

Abin da ya cece ta, ɗakin yana da kicin. Shi ya sa muka shiga Kasuwar Barci ta sayi kuka, daddawa da yaji. Kilishi kuwa ta haƙura, don ba a barin matafiyi ya shiga Amurka da nama daga Najeriya.