Karatun kiyaye albarkatun ƙasa daga bakin tafkunan kuza

Ɗalibin da ya zaɓi karatun kiyaye albarkatun ƙasa a jami'a, kuma Allah ya sa yana zaune a Jos, ya sami gatan da takwarorinsa na wasu garuruwa ba su da shi, domin yawancin abin da malamai ke bayani a aji yana nan a gefen hanya, kuɗin mota kawai ya raba shi da ganinsa. Shekarar farko takan sanyaya gwiwar mutane da yawa, saboda ilimin halittu da na sinadarai da lissafi ne suka cika ta, ba a ko ambaton daji. Sai an yi gaba ake shiga nazarin ƙasar noma da ruwa da itatuwa da namun daji, tare da ƙididdiga da karanta hotunan tauraron ɗan'adam da dokokin muhalli, kuma a lokacin ne mutum yake gane amfanin wahalar da ya sha a baya.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tafkunan kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a tsaunin Jos gadan-gadan, ko da yake mutanen ƙasar sun san ma'adinin kuma suna narka shi tun kafin zuwansu. Da kasuwar ta mutu, sai aka bar ramuka masu zurfi da tsibin ƙasa daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, ruwa ya cika ramukan, ƙasar sama mai albarka ta koma ƙarƙashi, aka shuka itatuwan turare a wasu wuraren don a rufe tabon. Wanda ya tsaya a littafi zai yanke hukunci nan take cewa a cike ramukan kowa ya huta, tun da ana rasa rayukan yara da dabbobi a cikinsu, kuma ragowar dattin ma'adinin na ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin da ke cutarwa. Amma wanda ya je bakin tafkin da rani zai tarar da injinan ban ruwa suna aiki, gonakin dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir sun yi kore shar, iyalai masu yawa kuma da wannan ruwan suke ci, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Aikin ɗalibi a nan shi ne ya ɗebi ruwa da ƙasa ya kai ɗakin gwaji, ya gano tafkin da ruwansa ya dace da noma da wanda ya kamata a killace, sannan ya iya faɗa wa manomi sakamakon ta hanyar da zai yarda da ita.

A gabashin gari, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos. Dajin ƙarami ne, kimanin hekta 300, amma yana ɗauke da ɗaruruwan nau'o'in tsuntsaye, ciki har da wani ɗan tsuntsu mai jan baya da ke zama cikin duwatsu, wanda masana ba su tantance shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998. Akwai kuma wani tsuntsun da ba ya gina sheƙa, a sheƙar wancan yake zuba ƙwansa a rena masa, don haka idan masu fasa dutse da masu saran itace suka kori na farko, na biyun ma ya tafi.

Haka batun ruwa yake. Kogin Kaduna da na Gongola daga wannan tsauni suke tasowa, shi kuma Dilimi da ke ratsa cikin Jos yana gangarawa ya haɗu da kogin Jama'are, ruwansa ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru ya nufi Tafkin Chadi. Sharar da muka zuba a nan da zaizayar da muka bari ta ci gaɓar kogi, mai noman shinkafa da masunci na can ƙasa ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

A ganina, ɓangaren da ya fi wuya a wannan karatu shi ne mu'amala da mutane, kuma shi ne aka fi ba wa ƙaramin lokaci. Matar da ke sayen gawayi ba ƙin itatuwa take yi ba, iskar gas ce ta fi ƙarfin aljihunta. Makiyayin da aka nome masa burtali da manomin da shanu suka shiga gonarsa, dukkansu a kan ƙasa da ruwa suke jayayya, kuma mu mazauna Filato mun san irin rayukan da wannan jayayya ta ci. A nan ɗalibin da ke jin Hausa yake da babban jari, domin da ita Birom da Afizere da Anaguta da Fulani da Hausawa suke ciniki da sulhu. Sai dai jin harshen bai wadatar ba idan mutum bai san ya fara zuwa wurin mai unguwa ba, ya gaisa cikin ladabi, ya ce "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne," ya kuma saurari dattawa su gaya masa itatuwan da suka ɓace da rafukan da suka ƙafe a zamaninsu.

Iyaye kan tambayi aikin da za a samu bayan kammalawa, kuma tambayar tana kan hanya. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin a fara su, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA mai sa ido kan bin dokokin muhalli, ga ma'aikatun gandun daji da wuraren adana namun daji irin su Yankari da Pandam. Guraben ba su da yawa, kuma wanda ya ƙware a taswirar kwamfuta da ƙididdiga ya fi saurin samu. Shawarata ga ƙannena masu shigowa ita ce, idan lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, su nemi inda za a fita da su daji da gona ko da babu alawus mai kauri, su kuma tanadi takalmin roba mai tsawo da littafin rubuta bayanai kafin damina ta sauka.