Ambulan ba ƙarya yake saye ba, shiru yake saye

Duk wanda ya fara aikin jarida a Legas, labarin Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, ake fara ba shi. Ranar 19 ga Oktoban 1986 aka kai masa ƙunshin saƙo gidansa da ke Ikeja, bam ya tashi da shi, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Daga nan a gangaro kan Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian gidan yari, sai zamanin Abacha da ake buga mujallun Tell da Tempo a ɓoye, sai Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, wanda ya yi ɓatan dabo. Da wannan karatun na kama aiki, ina ɗauka maƙiyin ɗan jarida kaki yake sawa.

Wanda na fi haɗuwa da shi kuwa murmushi yake yi. Ana tashi daga taron manema labarai a otal, sai ka ga jami'in hulɗa da jama'a a bakin ƙofa da takardar sunaye. Ka sa hannu, ya miƙo ambulan, ya ce kuɗin mota ne. Ba zai ce ka rubuta ƙarya ba, kuma yawancinmu ba ma rubutawa. Sai dai ranar da aka fara ƙishin-ƙishin wata kwangilar maigidansa, za ka ji wayar ta yi maka nauyi. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Labarin ya mutu ke nan, ba a kama kowa ba, ba wata ƙungiyar kare 'yan jarida da za ta fitar da sanarwa.

Ba na saurin zagin masu karɓa. Na zauna da wanda ya yi watanni ba albashi, kullum yana biyan kuɗin mota daga Agege zuwa Ikoyi, mai gidan jaridar kuma yana gaya masa katin shaidar da ke wuyansa ai gona ce. Cin hancin daga can sama ya faro.

Mu Hausawan Legas abin ya fi yi mana illa. Jaridun garin da Turanci suke fita, kuma ba kasafai suke leƙa Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba ba sai gobara ta tashi ko an yi faɗa. Giɓin da suka bari saƙon murya na WhatsApp ne ya cike shi. Kafin ka isa kasuwa ka ga abin da ya faru da idonka, 'yan'uwa daga Kano sun kira suna salati, an tura musu tsohon hoto na wata ƙasa an ce gawarwakin 'yan Arewa ne. Sojojin baka ma sun bar jiran filin rediyo, sun dawo Facebook da TikTok, ladansu kuɗin data.

Sai batun kafafen yaɗa labarai na waje. Mai shayi a Obalende ya fi yarda da BBC Hausa, wadda take magana da mu tun 1957, ko DW ta Jamus, ko RFI ta Faransa da ta buɗe sashen Hausa a nan Legas a 2007. Da gaskiyarsa: suna biyan ma'aikatansu, don haka wakilinsu na iya kau da kai daga ambulan. Amma Sin da Iran da Turkiyya ma kowa na da tasharsa ta Hausa, kuma ba don Allah ake kashe wannan kuɗi ba. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a 2023, RFI na cikin waɗanda suka fara toshewa. Shekara na zagayowa, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, sai ga tutar Rasha a titunan Kano, har aka kama telolin da suka ɗinka ta.

Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa tambayarka. A aikace sai ka rubuta, ka bi sawu, a ce oga ba ya nan, ka koma, wataƙila har kotu, duk daga aljihunka. Shi kuwa editan yana jiran labarin taron otal kafin ƙarfe 6 na yamma.