Haruffa uku da suka kusa haɗa ni faɗa da Baffa

Baffana yana harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, ni kuma nake riƙe masa rubuce-rubucen ofis, daga rasit har amsa wasiƙun masu saye. Shekara da shekaru a burauza nake buɗe imel. Duk ranar da sabis ya yi rauni, ko tsohuwar wasiƙa ba ta buɗuwa, ga Baffa tsaye a kaina yana tambayar nawa muka faɗa wa mutumin Legas kuɗin tan ɗaya a watan jiya. Wannan ne ya sa na ce bari in sa manhajar imel a laftof ɗin ofis, wadda za ta ajiye wasiƙu a cikin na'urar, a karanta ko babu intanet.

Thunderbird na sauke, ta gidan Mozilla masu Firefox. Kyauta ce, kuma tun 2004 ake amfani da ita. Adireshi biyu zan saka: Gmail ɗina, da na kamfanin Baffa mai ɗauke da sunan shagon, wanda muke biyan kuɗinsa duk shekara.

Tun kafin a je ko'ina aka tare ni da gargaɗi cewa takardar shaidar tsaron sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye wasiƙu a intanet, ba ta da inganci. Na goge, na sake, na zargi sabis, na zargi manhajar. Ashe agogon laftof ɗin ne ya koma shekarun baya, domin ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe kwanan wata ya mutu. Takardun shaidar suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, idan kwamfuta ta rikita shekara sai ta ƙi yarda da su. Ina gyara kwanan wata gargaɗin ya ɓace.

Gmail bai ba ni wahala ba. Na rubuta suna da adireshi, manhajar ta nemo saitin da kanta, sai wata taga ta buɗe da shafin Google, na shiga a can, na tabbatar a wayata cewa ni ne. Tun watan Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga da kalmar sirri zalla, sai ta wannan hanya da ake kira OAuth2. Wanda manhajarsa tsohuwa ce sai ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya karɓi kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 ya saka mata. Abin da ya ƙona min rai data ce. Wasiƙun shekaru suka kama saukowa da hotunansu, kafin in ankara ta yi nisa. Daga baya na ga wurin da ake cewa a sauko da na kwana 30 kawai.

Adireshin kamfani kuwa sai da hannu. Ana buƙatar sunan sabar mai kawo wasiƙa da na mai fitar da ita, kowacce da lambar ƙofarta. Mai fitarwa ita ce SMTP, ƙofarta 465 ko 587. A gurbin sunan mai shiga, adireshin ake rubutawa gaba ɗaya har da abin da ke bayan alamar @, wannan ma ya ci min rabin awa. Sai aka zo zaɓin mai kawowa: IMAP a ƙofa 993, ko POP a ƙofa 995. Na taɓa jin cewa POP yana sauko da wasiƙu cikin kwamfuta, ni kuma abin da nake nema ke nan. Na danna shi ban ƙara karanta komai ba.

Sati biyu komai lafiya lau, har ina yi wa yaran shago burga.

A sati na uku Baffa ya tafi ƙauye duba kaya. Da la'asar sai ga kiransa.

"Kai, me ka yi wa wasiƙuna? Na buɗe waya ina neman takardar mutanen nan, babu komai sai na 'yan kwanakin nan."

"Baffa, wallahi ban goge komai ba. Ga su nan a gabana ina kallo."

"A gabanka? To ni da nake nan sai in karanta ta gabanka?"

Ya kashe. Na tabbata da ina kusa da na sha abin da ya fi haka.

Da daddare na zauna na buɗe saitin sabar layi-layi. Can na ga wani ɗan akwati da aka rubuta a bar wasiƙu a kan sabar, amma iyakar kwana 14. Wato POP kamar ɗan aike ne da kan je gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo gida, bayan wa'adi a share na can. Wayar Baffa kuwa akwatin can take leƙawa, shi ya sa ta tarar da wayam. IMAP ba haka yake ba. Wasiƙar tana zaune a sabar, waya da laftof duk ita suke kallo, abin da aka karanta a nan zai nuna an karanta a can, wanda aka goge ya tafi ko'ina. Akwai kuma ɓarnar da ma Baffa bai lura da ita ba: duk amsoshin da na aika cikin makonnin nan a laftof kaɗai suke, don POP bai san da foldar aikawa ba.

Gyaran ba a juya asusun POP ya koma IMAP da danna maɓalli ɗaya. Na fara hana tsohon asusun duba sabar, sannan na buɗe sabo da adireshin nan dai amma a kan IMAP. Daga nan na riƙa kwafo wasiƙu daga tsohon akwati zuwa sabon, kaɗan-kaɗan saboda sabis, suna hawa sabar. Ban cire tsohon ba sai da na ƙirga na ga adadin ya yi daidai. Da na yi gaggawar goge shi da bayanansa, da wasiƙun sun tafi har abada, tunda babu kwafinsu a ko'ina.

Ban ce POP ba shi da amfani ba. Mai kwamfuta ɗaya wanda aka ba shi ɗan ƙaramin wuri a sabar, zai yi masa daidai. Mu da mutum biyu ke duba akwati ɗaya, ɗaya a ofis ɗaya a hanya, ba namu ba ne. Abin da nake so tun farko, karatu ba tare da intanet ba, ashe IMAP ma yana yi, muddin an kunna ajiye kwafi a kwamfuta.

Yanzu duk ƙarshen wata ina rufe manhajar in kwafi foldar bayananta zuwa filashi. Batirin agogon na canza shi a wurin masu gyara. Washegarin gyaran Baffa ya kira daga ƙauye, ya ce takardar ta dawo, ya tambaya wa ya mayar da ita. Na ce ni ne. Ya ce to, wa ya ɗauke ta? Na ce sabis ba kyau, Baffa, ba na jin ka sosai.