Miƙaƙƙen layi a cikin ƙwarya

Da nake haɗa kundin digirina na biyu, tambayata ɗaya ce: me ke ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, wato kafin ciki ya cika mako 37? Tunda a kowace haihuwa amsar e ce ko a'a, bakwaini ne ko ba bakwaini ba, sai na ɗauko lojistik rigireshin, dabarar lissafin da ke auna yiwuwar aukuwar abu, na zuba shekarun uwa kamar yadda suke a rajista. Ma'aunin haɗarin ya fito daf da 1, alamar shekaru ba ruwansu. Har na rubuta hakan a babi na huɗu.

Wata dattijuwar ungozoma ce ta taka min birki. Ta ce, "Ɗana, kwamfutarka ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa? 'Yan yaran nan masu ciki da matan da suka haura 35, su ke sa mu gumi."

Gaskiyarta. Lissafin da na yi ya ɗauka kowace shekara guda nauyinta ɗaya, ko daga 16 zuwa 17 ce, ko daga 39 zuwa 40. Alhali haɗarin kamar ƙwarya yake, baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. In ka tilasta wa miƙaƙƙen layi ratsa ƙwarya, a kwance zai fito, don gefe ɗaya ya cinye ɗaya.

Na fara raba matan gida uku: ƙasa da 20, daga 20 zuwa 34, sai 35 zuwa sama. Ƙwaryar ta bayyana, amma raina bai kwanta ba. Ya za a ce mai 34 daidai take da mai 20, ranar da ta cika 35 kuma haɗari ya yi tsalle? Ninka shekaru da kansu ma na gwada, sai ya tilasta wa gefunan biyu yin kama ɗaya.

Abin da ya fisshe ni shi ne siflayin, guntayen lanƙwasassun layuka da ake haɗawa a wasu ƙulle-ƙulle. Na bi tsarin Frank Harrell na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, da ƙunshinsa na rms a manhajar lissafi ta R: ƙulli huɗu a kashi 5, 35, 65 da 95 cikin ɗari na jerin shekarun. Kafin ƙullin farko da bayan na ƙarshe layin miƙewa yake, saboda haka ba ya haukacewa inda mata suka yi kaɗan. Lambobin da yake fitarwa ba sa karantuwa ɗaya-ɗaya, dole sai zane. Na kafa mai shekara 25 a matsayin ma'auni, na zana sauran a kanta.

Daɗi ya ɗebe ni na ƙara ƙulli zuwa shida, layin ya shiga rawa. Da na koma rajista na ga dalili: 20, 25, 30, 30, 25, shafi bayan shafi. Mata da yawa ba su da takardar haihuwa, ma'aikaciya kan dubi fuska ta ƙiyasta. Layin nawa ƙiyasin yake bi. Na koma ƙulli huɗu, na goge babi na huɗu, na kai wa Hajiya ungozoma zanen. Ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a bakin hagu na ƙwaryar, ta ce, "Yawwa, ga yarana nan."