Kwana bakwai kafin suna

Assalamu alaikum yan uwa. Yau maganar kwakwalwar jarirai nake so muyi, domin anan Aboabo da Asawase a Kumasi ba sai kin yi nisa ba zaki ga yaro ya kai shekara uku ko hudu wuyansa bai tsaya ba, baya zama baya magana, uwarsa na goye dashi ko ina zata. Mutane kuma bakinsu baya shiru, ai dan ruwa ne, ai uwar ce ta rika fita da magariba da ciki, makwabtanmu Asante suce asram ne. Wallahi abin yana min ciwo, saboda da yawan yaran nan rauni ne ya samu kwakwalwarsu, kuma ana iya sanin inda ya fito.

Wani tun yana ciki ne. Hawan jinin mai ciki wanda in yayi tsanani yake zama jijjiga, maleriya, karancin jini, ciwon suga, tunjere, duk suna iya tauye abinda ke isa ga dan ta mabiyiya ko su sa a haifeshi bakwaini. Shi yasa ake ta nacin zuwa awo, tun 2008 kula da masu ciki kyauta ne a karkashin NHIS, inshorar lafiya ta kasa, acan ake gwada jini a baki maganin kariyar maleriya ki hadiye a gaban nas.

Sai ranar nakuda. Kwakwalwa bata jure rashin iska, mintuna kadan sun isa suyi barna, shi yasa ungozoma take rawar jiki idan yaro ya fado bai yi kuka ba, minti daya na farkon nan ake so ya fara numfashi. Amma mu sai mace ta kwana ta yini tana nakuda a daki ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ana dura mata jike-jike wai ya taho da sauri, in likita yace aiki za'ayi kuma a tsaya ana shawara da dangi har na kauye. Ayi addu'a, a sha rubutu, ba wanda ya hana, amma a cikin mota ana tafiya.

Wanda yafi tsaya min a rai shine na bayan haihuwa, domin yaro ne lafiyayye, yayi kukansa, ya kama nono, an sallamo su anata barka. Sai a shigar da maijego daki a rufe taga a saki labule, a nade jariri da hula da safa da shawul, ba mai ganin fatarsa da hasken rana sai ranar suna. A cikin kwanakin nan ne ciwon shawara, mai sa fata da ido suyi rawaya, yake shigowa, yawanci kwana na biyu zuwa na biyar. Jarirai da yawa suna yinta kadan ta wuce, amma idan ta hau sosai abin nan mai rawaya yana shiga kwakwalwa, kuma in ya shiga ya shiga, shine yaro zai tashi da kurumta ko sandarewar jiki.

Ga kuma kafur. Mma zata wanke kayan jariri tsaf ta jera a akwati ta watsa kwallayen kafur saboda kyankyaso da kamshi, da zuciya daya tayi, Allah ya sani. To akwai yara, musamman maza, da ake haifa da karancin wani sinadari da ake kira G6PD, kuma muna dashi sosai a Ghana, kafur yana farfasa musu jini shawara ta taso da karfi. Don Allah iyayenmu a cire shi daga kayan jarirai gaba daya.

Kullum da safe ki fito dashi bakin kofa inda haske yake, ki danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa ki daga, ki duba farin idonsa da dasashinsa. In kinga rawaya asibiti, ranar, ba gobe ba, balle in tun ranar haihuwa ta fito ko ta sauko har tafin hannu da kafa. Yaron da ke ta barci baya tashi shan nono, ko kukansa ya koma tsiwa siririya, ko yana bankarewa baya, ko jikinsa yayi zafi, wannan ko karfe biyun dare ne a nemi tasi. Shanya shi a rana da ruwan gulukos da diga nono a ido basa sauke shawara mai karfi, lokaci kawai suke ci. A asibiti fitila mai shudin haske ake sa shi a karkashi, in tayi yawa a canza masa jini, babban asibitin Komfo Anokye suna da sashen uwa da jariri da aka bude a 2018 kuma kananan asibitoci suna turawa can.

Ku kuma maza, kafin a tafi cinikin rago a shiga daki a daga labule a kalli idon yaron.