Abin da wayar haƙori ke yi a ƙarƙashin dasashi

Duk wanda ya ga waya a bakina tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a cire? Ba mai tambayar abin da ke gudana a ƙarƙashin dasashi, alhali can ne ainihin aikin yake.

Haƙori ba manne yake da ƙashin muƙamuƙi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wani siririn tantani mai zaruruwa da jijiyoyin jini, kaurinsa kamar milimita 0.2, shi ke riƙe da haƙorin a gurbinsa. Idan waya ta tura haƙori, tantanin nan sai ya matse ta gefe guda, ya miƙe ta ɗaya gefen. Inda ya matse, jiki yakan turo ƙwayoyin halitta masu cin ƙashi su buɗe hanya. Inda ya miƙe kuma, wasu su biyo baya suna gina sabo. Da haka haƙori ke gusawa, kusan milimita 1 a wata. Tsamin da nake kwana da shi duk ranar da aka ɗaure wayar, har ba na son haƙoran sama su taɓa na ƙasa, daga wannan aikin yake.

Robobin nan garai-garai da ake sakawa a haƙora ɗaya bayan ɗaya a madadin waya, irin na kamfanin Invisalign, su ma hanyar ke nan. Kowace ɗaya tana gusar da haƙori kamar milimita 0.25, kuma sai ta yi awa 20 zuwa 22 a baki kullum. Ƙashi bai san waya ba, bai san roba ba, matsi kawai ya sani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saiwa. Ƙwayoyin nan masu cin ƙashi wani lokaci sukan haɗa da bakin saiwar. Yawancin mutane milimita 1 zuwa 2 suke rasawa, wanda ba ya hana haƙori ƙarko. Amma cikin mutum 100 akan samu 1 zuwa 5 da ke rasa fiye da milimita 4, galibi a haƙoran gaba na sama. Ba ciwo, ba alama, sai dai hoton ƙashi ya nuna. Ranar da likita ta jera mini hoton farko da na baya-bayan nan, da idona na ga saiwoyin haƙorana biyu na gaba, waɗanda da suke da tsini, sun ɗan dakushe. Kaɗan ne, amma gabana ya faɗi. Idan abin ya yi yawa akan dakatar da matsin wata biyu zuwa uku, fatar saiwar ta cike ƙananan ramukan da aka ci. Tsawon da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Shi ya sa nake roƙon masu ce wa likita ya ɗaure da ƙarfi don a gama da wuri su daina. Matsin da ya wuce kima yana toshe jinin tantanin, wurin ya mutu, haƙorin ya tsaya cik har sai jiki ya share mataccen naman, saiwar kuma ta ƙara shiga haɗari. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Kuma raina yana ɓaci da robobin da ake sayarwa ta intanet ba tare da kowa ya ɗauki hoton ƙashi ba. Ƙashin da ke rufe haƙoran gaba na ƙasa siriri ne ƙwarai. A tura su waje fiye da kima, dasashi ya ja baya, saiwa ta fito fili. Mai ciwon dasashi da ba a magance ba kuwa, ƙashin ne zai yi ta zaizayewa.

Ko an cire wayar ma da sauran aiki. Zaruruwan dasashi sukan kai kusan shekara suna jan haƙora zuwa tsohon mazauninsu, don haka dole a riƙa saka ritena, wato abin da ke riƙe haƙora a sabon mazauninsu. Likitata ta ce tawa da dare zan riƙa kwana da ita, kuma ba ta sa mini ranar dainawa ba.